Jatau da 'Yar-ado Mai Zane Uku

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kewaye ta da ruwa, ya rina kowace halitta da launinta ba tare da ya haƙa rami ko ya jiƙa toka ba. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Korau, marini ɗan marini, mutumin birnin Dankalma a ƙasar Marmaro, tafiyar wata biyu daga teku mafi kusa. Ga labarin yadda na bar ramin rinina, na bar matata Tasalla da cikin wata huɗu, na shafe wata goma sha bakwai ina gantali a tudu da kan ruwan gishiri, saboda wata halitta da tsawonta bai kai ɗan yatsana ba, da kuma wani dattijo wanda har yau in na ji gyaran muryarsa sai raina ya ɓaci.

Kawuna Hankurau shi ne Sarkin Karofi, wato shugaban marina, a garinmu, shi ya rene ni, shi ya koya mini sana'a. Babu zanen da ke fita kasuwa sai ya ɗaga shi a rana ya ce rinin ya kama. A ƙuruciyarsa ya taɓa bin fatake har bakin teku, ya dawo da labari ɗaya da ba ya gajiya da shi. Wai ya ga wani dodon koɗi marar koɗi a cikin ruwa, jikinsa shuɗi fiye da turkuɗinmu, da baƙin zane uku daga kai zuwa wutsiya, gefensa rawaya kamar an yi masa dajiya, ƙahoninsa biyu ja, a gadon bayansa kuma wani jan tunku kamar fure.

Da ƙarfin idon Kawu ya fara raguwa, sai Malam Jatau, wanda raminsa ke maƙwabtaka da nawa, ya sami abin yi. Jatau mutum ne mai musu, in ka ce masa an yi ruwa jiya sai ya ce yayyafi ne. Ranar taron marina Kawu ya sake ɗauko labarinsa, sai Jatau ya miƙe ya ce, "Sarki, Allah ya ja da ranka, dodon koɗi ba koɗi? Shuɗin da ya fi namu? Wanda ke ganin launin da babu shi a duniya, ta yaya zai ci gaba da duba rininmu?"

Guna-guni ya tashi, na ji wasu na cewa lokacin saukar Kawu ya yi. Kawu ya sunkuyar da kai. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na doki ƙasa na rantse sai na je na gano halittar nan. Ban gama rufe baki ba na fara nadama. Dattawa suka ce shaidar ɗa ga kawunsa ba ta isa ba, dole wanda ya ƙaryata ya bi ni ya gani da idonsa, kuma ba za a taɓa rawanin Kawu ba sai mun dawo. Na ɗauka Jatau zai nemi uzuri. Kashegari da hantsi na tarar da shi a ƙofar gidana da jaka a kafaɗa, yana faɗa wai na makara.

Wata biyun nan na hanya ba zan ba ku labarinsu ba, don kada hawan jinina ya tashi. Ya yi musu da madugu kan inda gabas take. Ya yi musu da mai kwale-kwale kan sunan kogin da aka haifi mutumin a bakinsa. Ranar da muka fara hango teku, na tsaya baki buɗe, shi kuwa ya ce, "Na ɗauka ya fi haka girma."

Muka sauka a Gaɓar Farin Yashi, ƙauyen da mata ke nutso su ɗebo murjani, maza kuma na zaune suna gyaran taru. Aka haɗa mu da wata tsohuwa, Kumatu, wadda ta fi kowa sanin ƙarƙashin ruwa. Na zayyana mata abin da muke nema ina ta kame-kame, ina tsoron ta yi mini dariya. Ta ce, "Au, 'yar-ado? A kanta kuka taho tun daga can? Ku jira ruwa ya janye."

Da teku ya ja baya, ta kai mu wani kwarmin dutse da ruwa ya kwanta a ciki. Na durƙusa. Ga ta nan, tana jan ciki a kan wani soson teku, a hankali kamar ba ta da inda za ta. Jama'a, na yi shekara ashirin hannuna a cikin shuni, ban taɓa ganin shuɗi irin wannan ba. Kamar da fitila a cikinta. Gefenta rawaya yana motsi kamar bakin mayafi a iska, ƙahoninta na lanƙwasawa. Hawaye ya cika mini ido, na ce, "Malam Jatau, ga gaskiyar Kawu."

Ya tsugunna, ya daɗe yana kallo. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Ƙirga zanen."

Na ƙirga. Biyu ne.

"Sarki ya ce uku. Wannan wata ce daban."

Na ce, "Haba Malam! Shekara hamsin da suka wuce ya gan ta, don zane ɗaya ya ɓace masa?"

Ya ce, "Ni shaida aka aiko ni, ba cike giɓi ba."

Na yanke shawarar in tafi da ita gida kowa ya gani. Na sa hannu na ɗauke ta, Kumatu na cewa kar ka, kar ka. Tafin hannuna ya ɗau zafi kamar na damƙi garwashi, ya kumbura kwana uku. Ashe dafin soson da take ci take tarawa a jikinta, shi ya sa ko kifi ba ya kusantarta, launin nan nata gargaɗi ne. Na sa wata a tulu da ruwan teku, kafin kwana biyu ta mutu ta koma toka-toka kamar majina. Na shanya wata a rana, ta zama kamar guntun tsohuwar fata. Kumatu ta ce, "Ɗana, adonta ba ya bin ta waje. Amma in zane uku kuke so, ku bi gaɓa ku yi arewa. Daga nan har Hancin Dutse duk mazauninta ne, muddin ruwa na da ɗumi kuma akwai soso. Kowane wuri da irin rigar da take sawa." Ta kuma koya mini riƙe numfashi da yin nutso da dutse a hannu, ta ce zai yi mini rana.

Muka shiga jirgin 'yan gishiri muka yi arewa, muna tsayawa gaɓa-gaɓa. Wata mai zane huɗu, wata zanenta ɗige-ɗige, wata shuɗinta ya ja zuwa kore. Kowace Jatau sai ya zauna ya ƙura mata ido rabin yini, sannan ya girgiza kai.

A wata na uku muka isa Tsayau, birnin da aka gina a kan turaku a tsakiyar ruwa, tituna duk gadojin igiya. Muna sa ƙafa a mashiga na ɗaga hannu na yi sallama, sai dogarai suka yi kanmu suka ɗaure. Ashe a Tsayau 'yar-ado dabbar fada ce, duk wanda ya kashe ta ana ɗaure shi a turke idan ruwa ya janye, a bar shi teku ya dawo ya same shi. Su kuwa ba su taɓa ganin marini ba. Da suka ga hannuwanmu shuɗi har gwiwar hannu, sai suka ce ɗaruruwa muka matse.

Aka kai mu gaban alƙali, wani dogo mai farin gemu har ƙirji, yana zaune a bakin tafkin da ake kiwon 'yan-adon fada. Ina ta rantsuwa ina bayani, sai na waiga na ga Jatau ya ja igiyarsa ya leƙa tafkin. Ya ce da ƙarfi, "Nomau, waɗannan zane uku ne, amma ƙahonsu rawaya ne. Na banza ne, ba su muke nema ba."

Alƙali ya ce, "Na banza? Wato nema ma kuke yi?"

Da hannuna a sake yake da na shaƙe Jatau a gaban shari'a. Na faɗi na ce, "Allah ya gafarta malam, a ba ni kwana bakwai, da tukunya, da toka, da ɗan ƙullin da ke jakata. In ban nuna inda shuɗin hannuna ya fito ba, a ɗaure ni a turke biyu."

Da ma marini ba ya tafiya ba curin shuni. Na haɗa tukunya a ɗakin da aka tsare mu, ina motsawa safe da yamma, Jatau na cewa tokar ta yi yawa. Ran na bakwai kumfa ta taso. Aka taru. Na tsoma farin ƙyalle na fito da shi kore shar. Mutane suka fashe da dariya, wani ya ce a kawo igiya. Na ce a dakata. Na ɗaga shi a iska, a gaban idonsu koren ya riƙa juyewa har ya zama shuɗi. Wurin ya kaure da salati. Alƙali ya ce sihiri ne, ya matso ya sunkuya don ya leƙa cikin tukunyar da kansa, gemunsa ya nutse har rabi.

Ya wanke da ruwa, ya wanke da yashi, ya wanke da lemun tsami, gemu ya ce sam. Ya sallame mu dai, tunda gaskiya ta fito, amma ya tambaye ni yaushe zai fita. Na buɗe baki zan ce nan da 'yan kwanaki, Jatau ya riga ni: "Fita? Rinin Dankalma ne fa. Sai dai aski." Ba mu tsaya ɗaukar guzuri ba. Muka bi gadar igiya a guje, muka faɗa cikin jirgin farko da muka ga yana kwance ɗaurinsa.

Jirgin nan ya kai mu Tekun Garau, inda ruwa ke da tsabta har ba a ganinsa. Sai ka ga jirginku na rataye a sarari, inuwarsa na tafiya a ƙasa can nesa, kifaye na shawagi kamar tsuntsaye. Matuƙa kan ɗaure idon baƙi don jiri, ni ma kwana biyu ina amai. Da na saba, na leƙa na ga 'yan-ado birjik a kan duwatsun ƙasa, masu zane uku reras. Na kira Jatau. Ya ce, "Ƙahonsu baƙi ne." Matuƙin ya ce masa ja ne, zurfi ne ke cinye jan launi, duk abin da ke ja in ya yi ƙasa baƙi yake komawa. Jatau ya ce shi bai ga ja ba.

Na tuɓe riga, na ɗauki dutse da ƙoƙo, na yi nutso yadda Kumatu ta koya mini. Na kai ƙasa, na tura ɗaya cikin ƙoƙon da tsinke, na taka wani abu da na ɗauka dutse ne don in yunƙura sama. Ashe wata ƙatuwar kawa ce, irin halittar nan mai ɓawo biyu kamar an kifa akushi a kan akushi, girmanta ya kai turmi uku. Ta rufe a kan ƙafar wandona. Na ja, na ja, ƙirjina kamar zai fashe. Ta cikin ruwan nan garau ina hango fuskokinsu a sama suna kallona kamar masu kallon dambe. Da na ga duhu ya fara rufe mini ido, sai na kwance mazagi na bar mata wandon. Na fito ba wando, amma ƙoƙo na hannuna.

Aka jawo ni, aka rufa mini buhu. Ga ta a ƙoƙo: zane uku, gefe rawaya, ƙaho ja wur. Ina haki na ce, "To, Malam?"

Na lura fuskarsa ta yi fari don tsoron da ya ji saboda ni. Duk da haka ya yi gyaran murya ya ce, "Tunkun bayanta fari ne. Sarki ya ce ja."

Kwana goma sha ɗaya ban yi masa magana ba.

Haka muka yi ta tafiya, damina ta same mu a wani tsibiri ta tsare mu wata biyu, har muka kai Hancin Dutse, wani tsauni da ya kutsa cikin teku. A nan na ga abin mamaki: ruwan ɗumi kore ya zo daga kudu, ruwan sanyi baƙi ya zo daga arewa, sun haɗu sun ƙi gauraya, tsakaninsu layi kamar ɗinki. Na sa hannu ɗaya nan ɗaya can, dama ɗumi, hagu ƙanƙara. Kudu da layin soso ya rufe duwatsu. Arewa da shi ko ɗaya babu, duwatsu tsirara. A kwarmin ƙarshe kafin layin, cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, muka same ta. Shuɗiya, zane uku, dajiya rawaya, ƙaho ja, tunku ja kamar fure. Kamar Kawu na tsaye yana karanta ta.

Na naɗe hannu ina jira.

Jatau ya daɗe a tsugunne. Sannan ya dubi baƙin ruwan arewa, ya ce a hankali, "Wa ya sani, ko can gaba akwai wadda ta fi wannan cika..."

Ban san lokacin da na fizge jakarsa ba. Na ce wallahi yau sai ta riga shi zuwa can gaban. Na wulwula ta zan jefa a teku, bakinta ya kwance, wani dogon ƙyalle ya faɗo ya warware a kan dutse. Na tsaya. An yi masa aikin allura daga farko har ƙarshe: 'yan-ado goma sha tara a jere, kowace da zanenta da launin ƙahonta, a ƙarƙashin kowace an ɗinka alamar gaɓar da muka gan ta. Ashe duk lokacin da na kwanta ƙailula ko na tafi neman abinci, shi yana nan da zare da allura.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya zauna daɓas. Ya ce, "Nomau, tun a kwarmin tsohuwar nan na san Sarki bai yi ƙarya ba."

"Tun a Farin Yashi? Wata goma da suka wuce?"

"Shekarata hamsin da takwas. Tun ina ɗan bakwai nake kallon rami ɗaya. Uwar 'ya'yana ta rasu, 'ya'yan sun watse. In na ce na yarda, sai mu juya, in koma bakin ramin nan har a ɗauke ni. Kullum sai in ce gaɓa ɗaya kawai, daga ita sai gida."

Na ce, "An kusa ɗaure ni a turke! Na bar wandona a bakin kawa! Matata ta haihu ban san me ta haifa ba! Kawu na can ganinsa na tafiya, kai kana nan kana shan iska da rayuwata!"

Ya ce, "Na sani. Ka yi haƙuri." Tunda nake da shi ban taɓa jin ya yarda da magana ba sai ran nan, kuma wannan ma ya ƙara ba ni haushi.

Komawa ta ci mana wata biyar, a hanya Jatau ya ƙara ɗinka ta Hancin Dutse a ƙyallensa. Na tarar da 'ya mace har ta fara tatata, ta gan ni ta tsala ihu ta ɓuya a bayan uwarta. Tasalla ta yi mini sannu da zuwa irin wadda ake yi wa baƙon da bai faɗi zai zo ba. Kawu kuwa idonsa ya rufe gaba ɗaya wata huɗu kafin isowarmu.

Aka tara marina. Jatau ya cire hularsa, ya durƙusa a gaban Kawu, ya ce, "Sarki, na ƙaryata ka a bainar jama'a, na zo in janye a bainar jama'a. Akwai ta. Yadda ka faɗa haka take, shuɗinta kuma ya fi namu." Dattawa suka ce rawani na nan a kan mai shi har ƙarshen ransa, ni in riƙa ɗaga masa zane a rana ina gaya masa abin da na gani.

Ni fa ban huce ba. Na tashi na tona komai, na ce da ba don son yawon mutumin nan ba da mun dawo tun Kawu na gani. Na jira Kawu ya tsine masa. Sai ya miƙa hannu ya ce a ba shi ƙyallen. Ya bi ɗinkin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirga zane, har ya kai ta ƙarshe ya tsaya a kanta.

Ya ce, "Wannan ce tawa. Jatau, sauran fa? Duk ita ce?"

"Duk ita ce, Sarki. Daga Farin Yashi har inda ruwan ɗumi ya ƙare."

"Ni ɗaya tak na gani, na ɗauka ita ke nan. Matso nan ka fara mini daga ta farko."

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar Jatau na zaure wajen Kawu, yana ba shi labarin gaɓa-gaɓa, suna musu kan wuraren da ɗayansu bai taɓa zuwa ba. Mutane na cika zauren har waje. Yanzu a Dankalma ba a kiransa sai Jatau Mai Teku. A bakinsa, shi ya haɗa tukunyar Tsayau, ni toka kawai na miƙa masa. Jiya wani baƙo ya same ni a bakin rami, hannuna dumu-dumu cikin shuni, ya gaishe ni da ladabi ya ce an gaya masa ni ne na riƙe wa Mai Teku jaka a tafiyarsa, ko gaskiya ne?

Na dube shi, na dubi sandar motsa rini da ke hannuna, na yi ta'awizi sau uku. Na ce masa ya matsa, yana tare mini rana.

Iyakar abin da ya same ni ke nan. Allah ya raba ku da rantsuwa cikin fushi, ya kuma zaɓa muku abokin tafiya.